Tarihin fina-finan kaboyi na zamanin da hoto ba ya magana

Fina-finan kaboyi, waɗanda suka yi tashe a gidajen sinima na arewacin Najeriya da Jamhuriyar Nijar kafin fina-finan Indiya su mamaye kasuwa, sun samo asali ne daga wasu gajerun hotuna marasa magana da aka fara ɗauka a Amurka shekaru fiye da 120 da suka wuce.

Tsakanin shekarar 1903 da ta 1929 kamfanonin Amurka sun shirya dubban irin waɗannan fina-finai, akasarinsu gajeru ne da ba su wuce minti 15 ba. A wannan zamani ne aka tsara siffar jarumin da duniya ta sani: mutum guda a kan doki, da faffaɗar malafa, da ƙaramar bindiga a ƙugu, ya shigo gari baƙo, ya raba gardama, ya kama hanyarsa.

Wane ne kaboyi?

Kalmar kaboyi Turanci ce da Hausa ta ara, kuma ma'anarta ta asali ita ce yaron shanu, wato makiyayin da aka ɗauka aiki. Ba mai dukiya ba ne. Ɗan ƙodago ne da ake biya kimanin dala ɗaya a rana, kuma sau da yawa dokin da yake hawa ma na ubangidansa ne.

Sana'ar ta bunƙasa ne bayan yaƙin basasar Amurka wanda ya ƙare a 1865. A lokacin shanu sun yi yawa a jihar Texas har sun rasa daraja, alhali kuwa a biranen arewa da gabashin ƙasar ana neman nama ruwa a jallo. Sai aka shiga kora garkuna a ƙasa zuwa tashoshin jirgin ƙasa na jihar Kansas, kamar Abilene da aka fara lodin shanu a cikinta a 1867, da kuma Dodge City daga baya.

Garke ɗaya kan kai shanu dubu biyu zuwa uku, mutane goma ko goma sha biyu ke kora shi, a shafe wata biyu ko uku a hanya. Duk wanda ya san yadda a da ake kora shanu a ƙasa daga ƙasar Hausa da Barno zuwa kasuwannin kudu ya san irin wahalar: ƙura, da ƙishirwa, da tsallake kogi, da kwana a daji. Harbin bindiga kaɗan ne a ciki.

Zamanin bai daɗe ba. An yi rajistar waya mai ƙaya a 1874, manoma da masu filaye suka shinge gonakinsu, layin dogo ya isa Texas, sannan matsanancin sanyin hunturun 1886 zuwa 1887 ya hallaka shanu masu ɗimbin yawa. Cikin shekaru ashirin da 'yan kai abin ya zama tarihi.

Tun kafin ya gama shuɗewa aka fara sayar da labarinsa. William Cody, wanda aka fi sani da Buffalo Bill, ya kafa ayarin 'yan wasa a 1883 yana zagaya birane da dawaki da maharba, har ya kai su Ingila a 1887. A 1894 kamfanin Thomas Edison ya ɗauki hoton wasu daga cikin 'yan wannan ayari, ciki har da shahararriyar maharbiya Annie Oakley. Kowane hoto bai kai minti ɗaya ba, kuma babu labari a ciki.

Fashin jirgin ƙasa na 1903

Fim ɗin da akasarin masana tarihin sinima ke ɗauka a matsayin mafarin fina-finan kaboyi shi ne The Great Train Robbery, wato Gagarumin Fashin Jirgin Ƙasa, wanda Edwin S. Porter ya shirya wa kamfanin Edison, aka kuma fara nuna shi a watan Disamban 1903.

Tsawonsa kimanin minti 12 ne. 'Yan fashi suka ɗaure ma'aikacin tasha, suka hau jirgi, suka fasa akwatin kuɗi, suka yi wa fasinjoji ƙwace, suka tsere a kan dawaki. Mutanen gari suka bi su daji suka karkashe su. Ba a yammacin Amurka aka ɗauke shi ba, a jihar New Jersey ne da ke gabas, kusa da birnin New York. Abin da aka fi tunawa da shi shi ne wurin da wani ɗan fashi mai gashin baki ya kalli 'yan kallo ido da ido, ya ɗaga bindiga ya harba.

Wasu masanan na nuna cewa an riga an yi wani ɗan gajeren fim mai kama da haka a garin Blackburn na Ingila a 1899, mai suna Kidnapping by Indians. Amma na Porter ne ya kawo kuɗi, shi ne kuma ya cika ƙananan gidajen kallo na kwabo biyar da suka fara yaɗuwa a Amurka daga 1905.

A watan Agustan wannan shekara ta 1903 ne aka fara nuna fim a Najeriya, a zauren Glover da ke Legas. A shekarar ce kuma sojojin Birtaniya suka ci Kano da Sakkwato. Haɗeja ba ta faɗi ba sai a watan Afrilun 1906, lokacin da Sarki Muhammadu, wanda ake kira Mai Shahada, ya rasu a fagen daga tare da manyan mayaƙansa. Ke nan a daidai lokacin da dokin yaƙi ya zama abin kallo a Amurka, a Haɗeja har yanzu ana mutuwa a kansa.

Jarumai uku

Cikin waɗanda suka fito a fim ɗin Porter akwai wani saurayi Bayahude ɗan jihar Arkansas, Max Aronson, wanda ya sauya suna zuwa Gilbert M. Anderson. Ana ba da labarin cewa ya ce ya iya hawan doki don a ɗauke shi aiki, da aka zo ɗaukar hoto kuwa doki ya kayar da shi, sai aka ba shi wasu ƙananan fitowa na ƙasa.

Wannan mutum ne ya zama tauraron kaboyi na farko. A 1907 shi da George Spoor suka kafa kamfanin Essanay a Chicago, daga baya ya koma garin Niles na jihar California. Ya ƙirƙiro wani jarumi mai suna Broncho Billy, ya riƙa fitowa da wannan suna a fim bayan fim, kusan kowane mako, har guda 148. Dabarar ita ce mutane su riƙa dawowa saboda jarumin da suka saba da shi, ko da labarin bai taka kara ya karya ba. An karrama shi da lambar yabo ta Oscar a 1958, ya mutu a 1971.

Na biyu, William S. Hart, ya sha bamban. An haife shi a 1864, ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a yankin Dakota inda ya yi cuɗanya da 'yan ƙabilar Sioux, sannan ya shafe shekaru yana wasannin Shakespeare a dandali. Sai da ya kusa shekara 50 ya shiga fim, a 1914. Ya ce fina-finan kaboyin da ake yi ƙarya ta yi musu yawa, don haka ya nace a kan tufafi masu datti, da garuruwa masu ƙura, da mashaya marasa kyan gani.

Hart ne ya kafa siffar mugu mai sauran imani, wato ɗan ta'addar da wani abu ke taɓa zuciyarsa ya tuba. A fim ɗinsa Hell's Hinges na 1916 ya fito a matsayin Blaze Tracy, ɗan bindigar da mai mashayar gari ya ɗauka haya domin ya kori sabon limamin coci. Ganin ƙanwar limamin ya sa ya sauya ra'ayi. Limamin kuwa shi ne ya lalace, ya faɗa shan giya, har ya sa hannu aka ƙona cocinsa. A ƙarshe Tracy ya cinna wa garin wuta baki ɗaya. Fim ne mai nauyi, wanda ya fi kama da wa'azi a kan ya zama abin nishaɗi, kuma har yau yana cikin waɗanda suka fi cancantar a kalla daga wancan zamani.

Na uku shi ne Tom Mix, wanda aka haifa a 1880 a jihar Pennsylvania. Shi kam gwanin doki ne na gaske, domin ya yi aiki a wata babbar gonar kiwo da wasanni ta 101 Ranch a Oklahoma. Ya fara da kamfanin Selig, ya koma Fox a 1917. Mix bai damu da gaskiyar tarihi ba: farar malafa, riga mai ado, takalmi mai ƙyalli, tsalle daga doki zuwa jirgi, da jarumin da ba ya shan giya, ba ya kuma kisa sai dole. Dokinsa Tony ya yi suna kusan kamar shi. Ya fito a fina-finai 291, duka in ban da tara marasa magana ne. Ya mutu a haɗarin mota a jihar Arizona a 1940.

Kasuwa ta zaɓi Mix. Yara da matasa sun fi son sukuwa da dariya a kan tuba da hawaye, sai farin jinin Hart ya yi ta raguwa. Fim ɗinsa na ƙarshe shi ne Tumbleweeds na 1925. Su biyun suna cikin waɗanda suka ɗauki gawar Wyatt Earp, ɗaya daga cikin 'yan dokan yammacin Amurka na ainihi, a 1929.

Ruwa, gona da garke

Wani jigo da ya yi ta maimaituwa a waɗannan fina-finai ba baƙo ba ne ga mazauna fadamar kogin Haɗeja, wato rikici a kan ƙasa da ruwa tsakanin mai shanu da mai gona.

Dokar Amurka ta 1862 ta ba duk wanda ya zauna ya noma fili tsawon shekara biyar damar mallakar eka 160. Manoma suka kwararo cikin filayen da shanu suka saba kiwo babu shinge. A 1892 abin ya kai ga zubar da jini a yankin Johnson na jihar Wyoming, inda manyan masu shanu suka ɗauko 'yan bindiga haya daga Texas.

Dogon fim na farko da John Ford ya shirya, Straight Shooting na 1917, a kan haka yake. Wani attajirin mai garke ya hana wani manomi ruwan rafi, aka harbe ɗan manomin a lokacin da ya je ɗiba. Jarumin, Cheyenne Harry, wanda Harry Carey ya fito a matsayinsa, an ɗauke shi ne ya kori manomin. Da ya tarar da iyalin a bakin kabarin yaron sai ya juya ya tsaya musu.

A fadamar Haɗeja da Nguru, makiyaya na gangarowa da rani idan ruwa ya janye ya bar ciyawa. Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, da ta Challawa a 1992, sun sauya yadda ambaliya ke zuwa, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, noman rani kuma ya faɗaɗa zuwa cikin burtali da mashaya. An sha samun arangama a ƙananan hukumomi irin su Guri da Kirikasamma.

Sai dai kamannin bai wuce nan ba. A fim, mai shanu attajiri ne mai 'yan bindiga, manomi kuma talaka. A bakin kogin Haɗeja galibi talakawa ne a ɓangarorin biyu. Haka kuma fim na kashe wutar rikici da harsashin mutum ɗaya cikin sa'a guda, abin da ko a Wyoming ɗin bai faru ba, domin sai da sojojin gwamnati suka shiga tsakani.

Yadda ake ba da labari babu murya

Da hannu ake juya na'urar ɗaukar hoto a wancan lokaci, kuma faifai ɗaya bai wuce minti 10 zuwa 15 ba. Idan ana son a san abin da wani ya faɗa sai a rubuta shi a allo a nuna tsakanin hotuna. A zauren kallo kuwa akwai mai kaɗa piyano, yana sauri idan an fara sukuwa, yana sassautawa idan an zo wurin tausayi.

Fim ɗin kaboyi ya dace da wannan yanayi fiye da kowane iri. Doki a guje ba ya bukatar tafinta. Wannan ne ya sa baƙin haure da suka cika biranen Amurka, waɗanda da yawansu ba su jin Turanci, suka rungume shi, ya kuma samu kasuwa a ƙasashen waje.

Neman rana da fili ne ya ja kamfanoni zuwa California. The Squaw Man na 1914, wanda Cecil B. DeMille ya shirya tare da Oscar Apfel, shi ake ɗauka dogon fim na farko da aka yi a unguwar Hollywood. Daga baya aka yi manya irin su The Covered Wagon na 1923, kan ayarin masu ƙaura zuwa Oregon, da The Iron Horse na 1924, kan shimfiɗa layin dogon da ya haɗa gabas da yamma a 1869.

Waɗanda aka ture gefe

Masana tarihi sun ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na makiyayan da suka kora shanu daga Texas baƙaƙen fata ne, da yawansu 'yantattun bayi. Wasu da dama kuma 'yan Meziko ne, waɗanda daga wurinsu aka koyi sana'ar tun farko, har da sirdin da igiyar zarge. A allon sinima kusan duka sun zama Turawa.

An ɗan samu togaciya. Bill Pickett, baƙar fata ɗan Texas wanda ya shahara wajen dirowa daga doki ya kayar da bijimi ta ƙaho, ya fito a The Bull-Dogger na 1921, wanda aka shirya domin 'yan kallo baƙaƙen fata.

'Yan asalin ƙasar kuwa, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa ko da yake ba su da wata alaƙa da ƙasar Indiya, sun fi kowa cutuwa. A watan Disamban 1890 sojojin Amurka suka kashe 'yan ƙabilar Lakota fiye da 200 a Wounded Knee, da yawansu mata da yara. Shekaru kaɗan bayan haka aka fara nuna danginsu a fim suna kai hari kan ayarin Turawa, ba tare da an faɗi ƙasar wa ake ƙwacewa ba. Wasu fina-finan farko sun nuna su da mutunci, kuma Lillian St. Cyr, 'yar ƙabilar Winnebago da aka fi sani da Red Wing, ita ce jarumar The Squaw Man. Amma siffar maharin da ke ihu a kan doki ita ce ta zauna, ita ce kuma aka yi ta aikawa ƙasashen da su ma suke ƙarƙashin mulkin mallaka.

Isowarsu ƙasar Hausa

Hoto mai motsi ya shigo arewa ta hanya biyu. Ta farko ita ce majigi, motar gwamnati da ke zagaya garuruwa da ƙauyuka tana nuna fina-finan tsabta da noma da labaran hukuma a fili, sau da yawa a ƙofar fada, wani ma'aikaci yana bayani da Hausa ta lasifika. Wani jami'in lafiya mai suna William Sellers ne ya jagoranci wannan aiki tun ƙarshen shekarun 1920, kafin a kafa sashen fina-finai na mulkin mallaka a 1939. Kalmar majigi kanta ta fito ne daga sunan Turanci na wata tsohuwar fitilar haska hotuna.

Hanya ta biyu ita ce gidan sinima na kuɗi. An buɗe Rex a Kano a 1937, kuma 'yan kasuwa Kwarori ne suka riƙe harkar. A lokacin Hollywood ta riga ta daina fim marar magana: The Jazz Singer ya fito a 1927, In Old Arizona, na kaboyi mai magana, ya biyo baya a 1928. Saboda haka kaboyin da Kanawa suka saba da shi ɗa ne ko jikan Tom Mix. To amma ga ɗan kallon da ba ya jin Turancin Amurka, bambancin kaɗan ne. Da ido yake bin labarin, kamar yadda aka tsara shi tun asali. Doki kuwa ba sai an koya wa Bahaushe darajarsa ba.

Malamai da dattawa da yawa ba su yi maraba da sinima ba, har wasu na kiranta dodon bango. Gobarar gidan sinima na El Duniya a Kano a 1951, wadda ta hallaka mutane 331, ta ƙara ƙarfafa wannan ra'ayi, kuma buɗe Palace a cikin birni ya jawo ce-ce-ku-ce. Masanin nan Brian Larkin ya yi bayanin wannan tarihi a littafinsa Signal and Noise na 2008. A bakin jama'a kalmar kaboyi ta tashi daga makiyayi ta koma nufin matashi mai taurin kai da son nuna isa.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai aka ga haka ba. A Kinshasa, cikin shekarun 1950, an yi gungun matasa da ake kira Bills, daga sunan Buffalo Bill.

A Nijar ne aka mayar da martani da fim. A 1966 Moustapha Alassane, wanda daga baya ya zauna a Tawa, ya shirya Le Retour d'un aventurier, wato Dawowar Ɗan Yawon Duniya. Wani saurayi ya dawo gida daga ƙasar waje da akwati cike da malafu da takalma da bindigogi, ya rarraba wa abokansa. Suka sauya sunaye zuwa irin su Black Cooper da Reine Christine, suka hau dawaki, suka addabi ƙauyensu da sata da faɗa, har wasa ya koma kisa. Djingarey Maïga da Zalika Souley na cikin waɗanda suka fito. Alassane ya rasu a 2015.

Abin da ya rage

Mafi yawan fina-finan wancan zamani sun salwanta. An ɗauke su ne a kan wani irin faifai mai saurin kama wuta, wanda kuma ke ruɓewa idan ya daɗe, sannan da magana ta zo kamfanoni ba su ga amfanin adana su ba. Gobarar da ta tashi a rumbun ajiyar kamfanin Fox a New Jersey a 1937 ta cinye da yawa daga cikin na Tom Mix.

Wani rahoto da ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya ce kimanin kashi 70 cikin ɗari na dogayen fina-finai marasa magana da aka yi a ƙasar sun ɓace baki ɗaya.

The Great Train Robbery da Hell's Hinges da Straight Shooting da Tumbleweeds suna cikin waɗanda suka tsira, ana kuma samunsu a intanet. A kwafin Tumbleweeds da aka sake fitarwa a 1939 an ƙara gabatarwa ta kimanin minti takwas, inda Hart, yana da shekara 74, ya tsaya a gonarsa ta Newhall a California ya yi wa 'yan kallo ban kwana da muryarsa. Ya mutu a 1946, ya bar wa gundumar Los Angeles gonar da gidan, aka mayar da su wurin shaƙatawa da gidan tarihi.